Lambar Bayan Motar Bahago

Shekarar da gwamnati ta ce kowa ya sauya lambar motarsa, Malam Aƙilu bai yi gardama ba. Malamin lissafi ne a wata sakandare a Tudun Wada, kuma irin mutanen nan ne da in aka ce a yi layi sukan riga kowa tsayuwa. Ya je ofishin lasin da sassafe, ya yi duk abin da aka ce ya yi, kafin azahar ya fito da sababbin lambobi biyu naɗe a cikin jarida.

Motar Fijo ce, 504, koriya shar, irin korin da ba a cika gani a jikin mota ba. Ba shi ya saya ba. Ta yayansa ce, Bahago, mai fentin motoci, wanda ya rasu gab da azumin bara. Bahago ya ƙare rayuwarsa yana fente motocin mutane, tasa kuwa tana yawo cikin gari da tabo iri-iri, ƙofa ɗaya ja, ɗaya ruwan toka. Sai a watanninsa na ƙarshe, lokacin da tari ya riga ya ci ƙarfinsa, ya kankare ta har ƙarfe, ya fente ta da hannunsa. Daga ita bai sake taɓa wata mota ba. Bai bar ɗa namiji ba, da aka raba gado sai motar ta faɗo a rabon Aƙilu.

Tun daga ranar ba wanda ya sake wanke ta sai shi. Ba ya sa mata sabulun wanki. Wata tsohuwar taguwarsa mai laushi ya yanka biyu, rabi na wankewa, rabi na gogewa. Ya yi mata rumfa a gefen zauren gidansu na Kwarbai, ya rataye tabarma a jikin bango don kada ƙofa ta bugi ƙasa in an buɗe. Mutanen unguwa da suka saba jingina da motar Bahago suna hira suka koma jingina da bango.

A bakin ofishin lasin akwai masu ɗaura lamba, kowa da akwatin kayan aikinsa. Wani dogo mai hular sanyi ya karɓi aikin. Ta gaba ba ta ba da wahala ba, don a jikin bamba take, kan wani ɗan ƙarfe da ke da huji ko'ina. Ya zagaya baya ya kwance tsohuwar. A ƙarƙashinta akwai shimfiɗar roba baƙa, an yanko ta daga tif ɗin taya daidai girman lambar. Mutumin ya yar da ita gefe. Malam Aƙilu ya sunkuya ya ɗauka, ya kakkaɓe, ya sa a aljihu.

Nan matsalar ta fito. Tsohuwar lambar doguwa ce siririya, hujinta ɗaya can gefe, ɗaya can gefe. Sabuwar kuwa gajeriya ce mai faɗi. Duk yadda aka ɗora ta, hujinta ba ya haɗuwa da na jikin motar. Mai hular sanyi bai damu ba. Ya sa hannu a akwati ya fito da babbar ƙusa da guduma.

"Me za ka yi da wannan?" in ji Malam Aƙilu.

"Huji, Malam. Biyu kawai."

"A ina?"

Mutumin ya kai tsinin ƙusar zai nuna wurin. Kafin ta isa ga fentin Malam Aƙilu ya riƙe masa hannu.

"Malam, kowa haka ake yi masa. Duba."

Ya duba. Motoci ne a jere, ana ta buga musu ƙusa a baya, ɓawon fenti yana zuba ƙasa kamar ana ɓare gyaɗa.

"Na gani," ya ce. "Ba ni lambar."

Ya sallami mutumin, ya sa tsohuwar lambar a but, ya ajiye sabuwar a kujerar baya, ya kama hanyar birni.

Dabarar farko da ya yi ita ce ya jingina ta da gilashin baya ta ciki, ya tokare ta da ƙamus. Ana ganinta sarai, in dai mutum ya san inda zai duba. Haka ya yi ta zuwa makaranta har wata safiya wani ɗan sanda ya tsayar da shi a wajen Ƙofar Doka. Ɗan sandan ya zagaya motar a hankali, ya tsaya a baya, ya dawo ya leƙo ta taga.

"Malam, ina lambar baya?"

"Ga ta can."

"A cikin mota."

"E."

"Fasinja ce?"

"Ai ana ganinta, yallaɓai."

"Ni ma ina ganinka, amma ba a kan sitiyari kake zaune ba, a kan kujera kake. Kowane abu da wurinsa." Ya ɗan buga rufin motar da tafin hannu, Malam Aƙilu ya runtse ido. "Yau ka wuce. Gobe ma ni ne a nan."

Da yamma Malam Aƙilu ya samo igiya mai ƙarfi. Ya zura ta a hujin saman lambar, ya ɗaure ta ta cikin but, ya rufe murfin a kan igiyar. Lambar ta rataya daidai inda ya kamata, tsakanin fitilun baya. Ya ja da baya ya kalle ta, ya ga ba laifi. Sai da ya tuƙa motar ya ji abin da bai yi lissafinsa ba. Duk ramin da taya ta faɗa, lambar sai ta tashi ta dawo ta bugi jikin motar, ƙwas. Hanyoyin cikin birni kuwa, da damina, ramin ya fi hanyar yawa. Bai kai unguwar Babban Dodo ba ya tsaya ya fito. Akwai wani ɗan zane siriri a jikin fentin. Ya sa yawu da bakin riga ya goga, ya ga datti ne kawai ya fita. Duk da haka kwance lambar ya yi, ya koma gida da ita a kan cinya.

Matarsa Asama'u tana ɗinkin hula a tsakar gida lokacin da ya shigo ya ajiye mata lambar a kan tabarma.

"Ina so ki yi mata baki," ya ce.

"Wa?"

"Lambar. Ki naɗe gefenta da ƙyalle, ki cusa auduga a baya. Kada ki rufe rubutun."

Asama'u ta juya lambar gaba da baya. Ta daɗe da auren Malam Aƙilu, ta san lokacin da ake tambayarsa dalili da lokacin da ba a yi.

"Wane launi?"

"Duk wanda ya samu."

Ta samo ragowar atamfa mai furanni ruwan ɗorawa, ta yi mata ɗinki mai kyau, ƙanana-ƙanana kamar na hula, har da ɗan lanƙwasa a kusurwa.

"Ga ta," ta ce. "In sanyi ya shigo sai ka kawo ta a yi mata mai dogon hannu."

Aikin ya yi. Lambar ta daina ƙara, sai ɗan bugu mai laushi kamar ana taɓa filo. Ɗan sandan Ƙofar Doka ya tsaya a bayan motar ya daɗe yana kallo, sannan ya yi masa hannu ya wuce. A makaranta malamai suka riƙa fitowa lokacin tara suna zagaya motar, suna tambayar ko ana karɓar ɗinkin. Malam Aƙilu ya ce ba a karɓa.

Abin da bai lura da shi ba shi ne bakin murfin but yana cin igiyar kullum in an rufe. Ga ruwan sama yana jiƙa audugar tana ƙara nauyi. Wata Juma'a bayan la'asar ya je gaisuwar rasuwa a Ƙofar Kibo. Da ya dawo gida ya zagaya baya da ƙyallen gogewa kamar yadda ya saba, sai ya tarar da guntayen igiya biyu suna lilo, babu lamba.

Ya ajiye ƙyallen, ya koma da ƙafa, kansa a sunkuye yana duba kwata da ramuka. Duk wanda ya gamu da shi sai ya ɗauka rasuwar ce ta taɓa shi haka, ya sake yi masa ta'aziyya. Ya amsa duka. A wani lungu kusa da inda ya ajiye motar ɗazu, wata mata mai suna Sailuba tana tuyar ƙosai a ƙofar gidansu. Iskar hadari na kaɗawa, ta tokare gefen murhun da wani faifan ƙarfe don kada wutar ta karkace. Malam Aƙilu ya tsaya ya karanta faifan.

"Sannu da aiki, baiwar Allah."

"Yauwa, Malam. Na nawa?"

"Wannan tawa ce."

"Ƙosan?"

"Lambar."

Sailuba ta dubi lambar, ta dube shi. "A cikin taɓo na tsince ta. Da rigarta ma." Ta nuna ƙyallen mai furanni, wanda ta riga ta yage tana riƙe kunnen kasko da shi. "Na ce ko ta yara ce."

"Ta mota ce."

"To, ka ɗan yi haƙuri in kwashe wannan. In na cire ta yanzu wutar za ta bi iska."

Ya tsaya. Ta kwashe, ta sake zuba wani ƙullun ba tare da ta dube shi ba. Ya ci gaba da tsayuwa. Mutane suna zuwa suna saye suna kallonsa, har ya ga tsayuwar haka nan ba ta yi kyau ba, shi ma ya ce a zuba masa. Da ƙullun ya ƙare ta sa tsumma ta ɗauko lambar ta miƙa masa. Ta yi baƙi ƙirin ta gefe ɗaya, kusurwa ɗaya ta lanƙwashe, kuma da zafinta. Ya koma Kwarbai ana kiran magariba, ƙosai a hannun dama, lamba a hannun hagu yana kaɗa ta tana hucewa.

Ya wanke ta da toka da soso, rubutun ya fito. Daga nan ya daina fita da motar. Ya koma hawa bas zuwa makaranta, da yamma ya dawo ya wanke motar da ba ta je ko'ina ba.

Ana haka sai saƙo ya zo daga Kaduna cewa Batulu, babbar 'yar Bahago, ta haihu, namiji. Rakiya, matar marigayin, wadda ke zaune a sashensa na cikin gidan, ta aika a kira mata Malam Aƙilu. Tun tana amarya suke wasan ƙanin miji da matar wa, kuma rasuwar ba ta hana ba, sai dai yanzu ba wanda ke dariya a cikinsu in ana yi.

"Ranar Litinin suna," ta ce. "A motar yayanka za ni."

"Yaya, motar ba ta da lamba a baya."

"Ni a ciki zan zauna."

"Hanyar Kaduna ce. Duk inda aka juya shinge ne."

"To ka sa mata lambar."

"Sai an huda."

"To a huda."

Ya dubi ƙasa. Ita kuma ta ci gaba da tsince shinkafa a faranti. Can ta ce, "Ka je wurin Yona mana. Ko kun yi faɗa ne?"

Ba su yi faɗa ba. Malam Yona mutumin Wusasa ne, mai gyaran jikin mota. Shi ke daidaita ƙarfe, Bahago ya bi da fenti, haka suka yi aiki a gareji ɗaya tun suna samari. Ranar jana'iza Yona ya tsaya a bayan sahu har aka gama, ya bi mutane maƙabarta, da aka dawo ya zauna a zaure ya yi kuka irin wanda manya ba su cika yi a gaban jama'a ba. Tun daga nan Malam Aƙilu ke kauce wa hanyar Wusasa, ba don komai ba sai don bai san abin da zai ce masa ba.

Ranar Asabar da hantsi ya jingina lambar da gilashi, ya tokare ta da ƙamus, ya fita ta Ƙofar Kuyambana. Yona ya bar garejin bayan rasuwar, yanzu a gida yake ɗan taɓa aiki, ƙarƙashin wata rumfar kwano da ke fuskantar dutsen Kufena. Yana zaune a kan benci da singileti, fanka tana juyawa a kansa, lokacin da motar ta shigo. Ya miƙe, amma ba wurin Malam Aƙilu ya nufa ba. Motar ya zagaya, hannayensa a baya, bai taɓa ta ba. Sai da ya gama ya miƙa hannu suka gaisa.

"Kana wanke ta da yawa," ya ce.

"Kullum."

"Ya isa haka. Fenti ma yana son a ƙyale shi."

Malam Aƙilu ya ba shi labarin tun daga mai hular sanyi har zuwa ƙosai. Yona ya saurara bai yi ko murmushi ba. Ya karɓi lambar, ya ɗora kusurwar da ta lanƙwashe a kan katako, ya daidaita ta da 'yar guduma. Sannan ya tsuguna a bayan motar ya gwada.

"Sai an huda," ya ce.

"Na sani."

"Ba da ƙusa ba. Da inji. Zan manna takarda a wurin don kada fentin ya tsage, in huda a hankali, in shafa wa bakin hujin fenti da tsinke, in cika da giris. Tsatsa ba za ta kama ba. Tsofaffin hujin kuma a toshe su da roba."

"Za a ga toshiyar?"

"Za a gani."

Malam Aƙilu ya dubi dutsen Kufena na ɗan lokaci. "To, yi," ya ce, ya juya baya.

Yona ya manna takardar, ya auna, ya ɗiga alama biyu da fensir. Ya jawo waya ya haɗa injin hudar, ya gwada shi a iska ya yi ƙara. Ya tsuguna ya ɗora bakin injin a kan alamar farko. Malam Aƙilu yana jiran ƙarar, ƙarar ba ta zo ba. Da jiran ya yi yawa ya waiwayo. Yona yana nan a tsugune, injin a hannu, yana kallon fentin. Can ya ajiye injin a ƙasa, ya ɓare takardar a hankali, ya dunƙule ta.

"An ɗauke wuta," ya ce.

Malam Aƙilu ya ɗaga kai. Fankar tana ta juyawa a saman rumfar.

"Haka ne," ya ce. "Sun saba."

Suka koma kan benci suka zauna. Mildred, matar Yona, ta fito da kunun zaƙi a jug da kofuna biyu, ta gaishe da baƙon, ta tambayi Rakiya da Asama'u, ta yi barka da haihuwar Batulu. Ta dubi injin da ke ƙasa, ta dubi fankar, ta koma ciki.

"Ina nan ranar da Bahago ya fente bayan motar nan," in ji Yona. "Ya shafa, ya bushe, ya goge, ya sake shafawa. Na ce masa wurin da lamba za ta rufe wa zai gani? Ya ce ruwa zai gani."

Malam Aƙilu ya sa hannu a aljihu ya fito da robar nan da ya tsinta a bakin ofishin lasin. Yona ya karɓa ya shimfiɗa ta a cinya.

"Yankan hagu ne," ya ce. "Dubi yadda almakashin ya bi. Tsohuwar lambar fa?"

"Tana but."

Aka ɗauko ta. Yona ya ajiye ta a kan bencin tsakaninsu, Malam Aƙilu ya ɗora sabuwar a kanta don kawai ya samu wurin ajiye kofinsa. Suka ci gaba da shan kunu. Sabuwar tana zaune a tsakiyar tsohuwar, hujin tsohuwar sun leƙo ta kowane gefe, ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Sun daɗe suna kallon abin.

"Wannan fa," in ji Malam Aƙilu, ya taɓa tsohuwar da yatsa, "ana iya huda ta?"

"Wannan ai ba shi ya fente ta ba."

"To."

"To," in ji Yona. Ya miƙe ya ɗauki injin. "An dawo da wuta."

Aikin ya ci su har bayan azahar. Malam Aƙilu ya ari tabarma ya yi sallarsa a gindin mangwaro, ya dawo suka ci gaba. Yona ya kifa tsohuwar lambar, rubutun ya koma ciki, ya bubbuge ta ta miƙe, ya bi gefenta da magagari har babu inda zai iya yankar ko yatsa. Malam Aƙilu ne ya auna tsakiya da rula, ya sake aunawa, ya sa alama. Aka huda, aka shafa mata baƙin fenti, aka jingina ta a rana ta bushe. Sannan aka ɗaure sabuwar a kanta da gajerun noti, kawunansu a shafe ta baya. Da yake sabuwar ta fi tsohuwar faɗi, sama da ƙasanta sun zarce, don haka Yona ya yanko wata robar daga tif ya manna a bayan wurin da ya zarce. Robar Bahago kuma ta koma inda take tun farko, tsakanin ƙarfe da fenti.

Suka cika tsofaffin hujin da giris. Yona ya yanka 'yan ƙananan zobba na roba, ɗaya a waje ɗaya a ciki ga kowane huji. Ɗaurin ƙarshe ta cikin but ake yinsa, don haka Malam Aƙilu ya cire babbar riga, ya naɗe ta, ya zura rabin jikinsa ciki da sifana, Yona yana riƙe da kan notin daga waje.

"Ɗaure."

"Na ɗaure."

"Ƙara kaɗan. Tsaya. In ka matse da yawa robar za ta fashe. Sa na biyu a kansa, don kada girgiza ta kwance shi."

Da suka gama Yona ya kama lambar da hannu biyu ya jijjiga. Motar gaba ɗaya ta motsa, lambar ba ta motsa ba. Malam Aƙilu ma ya gwada. Sannan ya sunkuya ya leƙa ta gefe, ya ga babu ƙarfen da ya taɓa kore ko'ina. Ya mayar da rigarsa. Ya fara wata magana ta godiya, Yona ya ce masa ya gaida Batulu, ya ce kuma in an ga dama a riƙa biyowa ta Wusasa, hanyar ba ta lalace ba.

Ranar Litinin bayan asuba suka fita ta Ƙofar Gayan. Rakiya da Asama'u suna baya, but cike da garin kunu da yaji da kayan jariri. Malam Aƙilu ya tanadi takardun motar a aljihun gaba. Da suka doso shingen farko ya rage gudu sosai, ya sauke gilashi. Ɗan sandan da ke wurin ya yi masa hannu ya wuce. A na biyu ma haka, wannan ko ɗago kai bai yi ba, yana shan shayi. Da suka wuce Jaji suka tarar da na uku, aka sake yi masa hannu. Sai ya kunna sigina, ya gangara gefen titi, ya tsaya.

"Lafiya?" in ji Asama'u.

"Lafiya."

Ɗan sandan ya tako ya iso. "Malam, ai na ce ka wuce."

"Na ji, yallaɓai. Na ce ko za ka duba bayan."

"Me ke bayan?"

"Lamba."

Ɗan sandan ya dube shi, ya dubi matan da ke baya, sannan ya zagaya. Malam Aƙilu yana kallonsa ta madubi. Ya ɗan jima a can kafin ya dawo.

"Akwai lamba," ya ce. "Tayarka ta hagu tana son iska."

Suka hau hanya. An yi tafiya mai ɗan nisa, injin yana ƙara, gonakin masara suna wucewa ta kowane gefe. Can Rakiya ta gyara mayafinta ta ce, "Ka san yayanka ba ya son launin nan?"

Malam Aƙilu ya dube ta ta madubi.

"Wani Alhaji ne daga Sabon Gari ya sa a haɗa masa. Da ya zo ya gani ya ce shi ba zai shiga motar da ta yi kama da miyar kuka ba. Fentin ya zauna a gareji, yayanka ya ce ba za a zubar ba. Har ya gama yana cewa da fari ne da ya fi."

Wata tirela ta wuce su, iskarta ta girgiza motar. Malam Aƙilu ya riƙe sitiyari da hannu biyu har ta yi nisa.

"Amma ya shafa da kyau," ya ce.

"Ya shafa da kyau," in ji Rakiya.

A Kawo ya tsaya wurin mai faci aka ƙara wa tayar iska. Sun isa gidan su Batulu an riga an raɗa suna, maza suna fitowa daga zaure da goro a hannu. Matan suka shige ciki da kayansu. Malam Aƙilu ya zagaya unguwar har ya sami inuwar da ba ta ƙarƙashin bishiya, ya ajiye motar, ya kulle, sannan ya dawo da ƙafa ya tambayi wane suna aka sa wa yaron.